Hanyar Damargu: Daga Ayarin Raƙuma zuwa Kwalta

Kafin zuwan mota, hanyar Kano zuwa Agadas ta raƙuma ce, Damargu kuwa rumbunta. Abzinawa kan sauke gishirin Bilma su ɗora hatsi, fataken Turabulus kan yada zango kafin su wuce Damagaram. Ta nan Bature Barth ya ratsa a 1851.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka karkata zuwa bakin teku, ayarin Turabulus ya ɗauke ƙafa. Yau kwaltar RN11 ta bi ta Tanut, ta bar Belbeji a gefe.

Iyaye da malamai, yaron Belbeji yana jin garinsu lungu ne. Ku sanar da shi cewa hatsin kakanninsa ne ya ciyar da Abzin.