Benen Montparnasse da darasin zaure

A wannan ɗan rubutu za mu duba tarihin wani gini na birnin Paris, domin mu ga abin da yake koya mana game da tsarin garuruwanmu.

An fara gina benen Montparnasse a 1969, aka kammala shi a 1973. Tsawonsa mita 210 ne, kusan dukansa kuwa birori ne. Mutanen Paris ba su so shi ba: sun ga baƙin gini ya tokare sama a tsakiyar gari, kuma da ma'aikata sun tashi aiki sai ya zama kango. Ƙyamar ta kai ga a 1977 aka taƙaita tsawon sababbin gine-gine a birnin zuwa mita 37. A 2017 aka zaɓi tsarin masu zanen gini na Nouvelle AOM don sake masa fasali: a bar wasu birori, a ƙara otel da lambu a ƙololuwa, a sauya masa fuska. Faransawa na kiran irin wannan tsari « usage mixte ».

A iya bincikenmu, Hausa ba ta da wata tsayayyar kalma ta wannan ma'ana. Muna ganin dalilin shi ne gidan Bahaushe bai raba wurin kwana da wurin sana'a ba. A zaure malami ke karantarwa, a nan baduku ke ɗinki, a nan maigida ke karɓar baƙi, alhali iyali na ciki. Abin da kowa ke yi kullum ba ya bukatar suna.

Rabuwar ta zo ne da mulkin mallaka. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka maishe ta babban birnin ƙasa daga 1911 zuwa 1926. A wajen Birni da Zango suka kafa unguwar hukuma. Wannan tsari ne garuruwa kamar Gure suka gada: biro a gefe, kasuwa da gidaje a gefe.

Ke nan abin da Paris ke nema da kuɗi masu yawa, tsofaffin unguwanninmu suna da shi tun tuni. Kafin mairi ta yanka sababbin filaye, ya kamata a tambaya: wa zai zauna a wurin bayan magariba?