Bayani kan zangon FM da masu sauraren kiɗa

A garuruwan kan iyaka irin su Illela da ƙauyen Lafani a jihar Sakkwato, mai akwatin rediyo yana da gatan da ba kowa ke da shi ba.

Da murɗa maɓalli kaɗan, yana iya barin tashar Najeriya ya faɗa ta jamhuriyar Nijar, domin Birnin Ƙonni na tsallaken iyaka ne kawai.

Duk da yaɗuwar wayoyin salula da intanet, har yanzu akwai masu sha'awar sauti mai inganci da ke ganin zangon FM na da nasa daɗin wajen jin kiɗa.

Mene ne FM?

Wani injiniya Ba'amurke, Edwin Armstrong, shi ne ya ƙirƙiro wannan fasaha, ya kuma yi mata rajista a shekarar 1933.

A yawancin ƙasashe, ciki har da Najeriya da Nijar, tashoshin FM na tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108.

A matsakaici da gajeren zango, sauti na tafiya ne ta hanyar raguwa da ƙaruwar ƙarfin igiyar rediyo. Shi ya sa walƙiya ko injin janareta ke cusa ƙara a cikinsa.

Shi kuwa FM saurin kaɗawar igiyar yake sauyawa, don haka irin wannan hayaniya ba ta cika damunsa ba.

Me ya sa kiɗa ya fi fita?

Kunnen matashi mai lafiya na iya jin sauti har zuwa kimanin kilohaz 20.

Matsakaicin zango kan tsaya ne a wajen kilohaz 5, wanda ya isa a fahimci magana, amma yana yanke siririn sautin goge ko kuntigi.

FM na kaiwa kilohaz 15. Tun daga 1961 kuma, lokacin da Amurka ta amince da tsarin sitiriyo, yana iya raba sauti zuwa lasifikar dama da ta hagu.

Wannan ne ya sa kamfanoni irin su Marantz da McIntosh a Amurka, da Sansui da Pioneer da Kenwood a Japan, suka yi ta gasar ƙera na'urar kamun tasha mai zaman kanta, wadda ake haɗawa da amfilifaya da manyan lasifiku.

Masu sha'awar kayan sauti na ci gaba da neman waɗanda aka ƙera a shekarun 1970, suna gyarawa suna amfani da su.

Yaushe ya iso yankin?

An buɗe tashar FM ta farko a Najeriya a Legas a 1977, ƙarƙashin Rediyon Najeriya.

Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ce ta kafa hukumar NBC, ta kuma ba 'yan kasuwa damar mallakar tashoshi. Raypower ta soma aiki a Legas a 1994, sannan Freedom Radio a Kano a 2003.

A Nijar ma tsakiyar shekarun 1990 ne tashoshi masu zaman kansu suka bayyana. Daga cikinsu akwai Anfani, wadda daga bisani ta buɗe rassa a garuruwa irin su Maraɗi da Damagaram da Ƙonni.

Kafin wannan lokaci, mutanen yankin sun dogara ne da matsakaici da gajeren zango, inda suke kama Rima Rediyo daga Sakkwato, da Rediyon Kaduna, da Muryar Sahel daga Yamai.

Ina matsalar take?

Raunin FM shi ne gajeren tafiya. Igiyarsa kusan miƙe take tafiya, don haka tsawon turken tasha da ƙarfin na'urarta ne ke yanke inda za ta kai.

Illela na da nisan fiye da kilomita 80 daga birnin Sakkwato, ke nan tana dab da bakin iyakar abin da tashoshin birnin da dama ke iya kaiwa.

Idan kuma tashoshi biyu suka yi kusa da juna a kan mita, mai ƙarfin takan danne mai raunin baki ɗaya.

Saboda haka eriya ta fi tsadar akwati muhimmanci. Sandar ƙarfe mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi, da aka raba gida biyu aka ɗaga saman rufi, kan yi abin da akwati mai tsada ba zai yi ba a cikin ɗaki.

Sitiriyo na buƙatar sigina mai ƙarfi fiye da sauti mai layi ɗaya. Idan ana jin huci a tasha mai nisa, kashe sitiriyon kan rage shi sosai.

Babu kuma wata asara a nan ga mai son waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo ko Ɗan Anace, tunda akasarin tsofaffin faya-fayan da layi ɗaya aka ɗauke su.

Sai dai akwai abin da eriya ba ta iya gyarawa. Idan tasha ta ɗauko waƙa daga kaset ɗin da ya gaji, ko fayil ɗin da aka matse don ya shiga waya, haka za ta isa kunnen mai saurare komai kyan na'urarsa.

Ke nan ingancin amon kotso da kalangu da za a ji nan gaba ya danganta da yadda gidajen rediyo ke adana ainihin faya-fayansu.

Ina aka dosa?

A 2017 ƙasar Norway ta zama ta farko da ta rufe tashoshinta na ƙasa a zangon FM, ta koma tsarin dijital na DAB.

A Najeriya da Nijar kuwa FM na nan daram. Ba ya buƙatar kuɗin data, batir biyu sun ishe shi, kuma ƙananan wayoyi da dama na zuwa da shi, inda igiyar abin sawa a kunne ke zama eriya.

Babbar barazanarsa a yankin ita ce ƙarancin wutar lantarki da tsadar man dizal, waɗanda kan tilasta wa wasu tashoshi rage sa'o'in aiki ko ƙarfin na'urorinsu.

Duk lokacin da hakan ta faru, mazauna ƙauyukan nesa irin su Lafani ne ke fara ji a akwatinsu.