Janti: daga guduma zuwa mastik

Masu saurare, wa ya tuna zamanin Peugeot 504, lokacin da masana'antar Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975? Jantinta na ƙarfe ne. In direba ya goga shi a dakalin bakin gudro ya lanƙwashe, guduma da fenti sun isa, gobe mota tana hanyar Dakoro.

Da tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta Kwatano, janti na alminiyo ya yawaita. Shi kam ba ya jurar guduma, tsagewa yake. In ƙarzuwa ce kawai, a kankare a fesa fenti, shi ke nan. Amma tsaga fa, wasu mastik suke shafawa su ɓoye, iska na zurarewa, mota cike da mutane. Irin wannan janti, gara a kai wa masu zubin tukwane su narke shi.