Sashe na 55: yadda dukan mata ya shiga littafin doka

A shekarar 1959, ana dab da samun 'yancin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta tsara kundin hukunta laifuffuka, wato Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. An ɗauko tsarinsa daga kundin Sudan, shi kuma na Sudan tushensa kundin Indiya ne na 1860 da Turawan Ingila suka rubuta.

A cikinsa akwai sashe na 55, mai cewa ba laifi ba ne miji ya hori matarsa domin gyara, muddin al'adarsu ta amince da hakan, kuma bai yi mata mummunan rauni ba. Abin lura shi ne waɗanda aka jera matar tare da su: yaro a hannun mahaifinsa, ɗalibi a hannun malaminsa, bara a hannun ubangidansa. Mummunan rauni kuwa, a ma'anar kundin, shi ne irin karaya, ko zubar haƙori, ko rasa gani. Duk abin da bai kai nan ba, sai a kira shi tarbiyya.

Wannan bai dace da gadon malaman Sakkwato ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albabi, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna ɗaukar su kamar kayan ɗaki. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajoji ƙauyuka su karantar da mata. Fiƙihun Malikiyya kuma ya ba alƙali ikon raba aure idan mace ta tabbatar da cutarwa.

Sai a 2015 aka sa hannu a dokar VAPP, wadda ta mayar da dukan abokin aure laifi. Da farko a Abuja kaɗai take aiki, sai kowace jiha ta amince da ita da kanta, wasu kuwa sun daɗe suna jan ƙafa.

Tunanin jama'a ma ya motsa, ko da yake a hankali. A binciken ƙasa kan lafiya da yawan jama'a na 2008, kashi 43 cikin ɗari na mata sun ce akwai dalilin da zai halatta wa miji dukan matarsa, kamar ƙona abinci ko fita ba izini. A 2018 adadin ya sauka zuwa kashi 28, kuma ya fi ƙaranci a tsakanin matan da suka yi karatu mai zurfi. Mazan da suka faɗi haka a waccan shekarar kashi 21 ne, ƙasa da na matan.