Daga gona zuwa kare: tarihin yankan filaye tsakanin Maraɗi da Madarunfa

A cikin wannan ƴar maƙala muna son mu duba yadda hukuma ta shiga sha'anin yankan filayen gidaje, abin da ake ce ma lotissement da Faransanci, a ƙasar Katsinar Maraɗi. Mun zaɓi gundumar Madarunfa ne saboda gonakinta, na Jiratawa da Safo da Sarkin Yamma, suna maƙwabtaka da birnin Maraɗi. Duk sa'ad da birnin ya miƙe ƙafa, kan gonar wani take sauka.

Tsohon Maraɗi, wanda sarakunan Katsina suka mayar mazauninsu bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu a farkon ƙarni na 19, cikin fadama yake, bakin gulbi. Can babu mai awon fili da igiya. Baƙo ya nemi mai unguwa, mai unguwa ya kai shi gaban sarki, a nuna masa wuri ya kafa danga. A shekarar 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya rushe garin. Turawan mulkin mallaka suka hau da mutane bisa tudu, suka shata tituna miƙaƙƙu masu gittawa da juna, suka raba wa kowane gida nasa yanki. Wannan shi ne babban yankan fili na farko a wannan ƙasa, kuma hukumar mulkin mallaka ce ta tsara shi, ita ce kuma ta amince da shi. 

Harshe ya riƙe shaidar wannan zamani. Kalmar carré, wato yanki mai kusurwa huɗu, ta shigo Hausa ta zama «kare», har akwai unguwa a Maraɗi da ake kira Sabon Kare. Bakano da ya ji sunan sai ya yi dariya, don tunaninsa zai tafi ga dabba. A lura kuma da bambancin «gona» da «fili»: ƙasar ɗaya ce, amma ran da aka dasa mata duwatsun iyaka ta bar hannun al'ada ta koma hannun takarda.

Dokokin da Nijar ta gada, musamman ta 26 ga Yuli 1932 kan rajistar ƙasa da ta 11 ga Yuli 1959 kan filayen gwamnati, sun ɗora yankan fili bisa hukuma ita kaɗai. Hakan ya yi aiki muddin garin bai fi ƙarfin ma'aikata ba. To, ƙidayar 1977 ta samu mutum wajen 44.000 a Maraɗi. Ta 1988 ta samu 110.000, ta 2012 kuwa fiye da 267.000. Unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Tsoho duk daga gonaki aka yanke su.

Sai a 1997 aka sake ginin tsarin daga tushe. Dokar 17 ga Janairu ta wannan shekara, da ƙudurorin 8 ga Agusta da suka biyo ta, sun kafa kwamitocin shawara kan tsara birane da gidaje, tun daga matakin gari har zuwa na ƙasa, sun kuma faɗi hanyar da taswirar yanka za ta bi. Masu awon ƙasa su zana. Kwamiti ya duba faɗin tituna, da mafitar ruwa, da wuraren da aka keɓe don makaranta da asibiti da kasuwa. Ministan da ke kula da tsara birane ya sa hannu. Sannan a sayar, mai saye ya karɓi takardar mallaka, wato acte de cession. Kuɗin sayarwar kuwa an nufe su ne da gyaran sabuwar unguwar: hanya, famfo, lantarki. An sake duba dokar a 2008 da 2017, amma ƙashin bayanta bai canza ba.

A ganinmu raunin wannan tsari yana wuri guda: kwamitin taswira yake dubawa, alhali ana gama rabon ƙasa tun kafin a zana taswirar. Dalili kuwa wata doka ce daban, kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993, wanda ya ba mallakar gado kariya daidai da mallakar takarda, ya kuma kafa kwamitocin ƙasa na karkara. Doka ce mai adalci, ba mu musa ba. Sai dai a gefen birni ta buɗe wata ƙofa. Ɗan kasuwa ya sayi gona ga magada, ya samu shaidar mai gari, ya jira. Ran da yanka ya iso, shi ne mai gona a idon hukuma, shi za a ba kason filayen diyya. Wani ma ba ya jira: ya yanka da kansa, ya sayar, mutane su gina, kwamiti ya tarar da gidaje tsaye inda titi ya kamata ya bi.

Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya ƙara wa abin nauyi. Kowace ƙaramar hukuma ta samu magajin gari da majalisa da kasafin kuɗi, haraji kuma ba ya shigowa yadda ake so. Sayar da fili ya zama hanya mafi sauri ta samun kuɗi a duk faɗin ƙasar, wadda ita kanta gwamnati ta bi a farkon shekarun 2000, da ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye. Mai neman izinin yanka da mai cin ribarsa sun zama ɗaya. Kudu da Maraɗi kuma, inda ikon birni ya ƙare na Jiratawa ya soma, gona guda tana iya zama ta karkara a wannan ofishi, ta birni a wancan.

Akwai kuma waɗanda ba sa fitowa cikin kowace takarda. A tsarin noman wannan ƙasa, ban da gandu na gida duka, mai gida kan yanka wa matarsa ko ɗansa saurayi ƴar gona, wadda ake kira gamana. Aro ce, ba mallaka ba. Idan aka sayar da gandu, gamana ta tafi tare da shi. Takardar ciniki na ɗauke da sunan mai gida da na mai saye da na shaidu. Matar da ke noma gyaɗarta a wurin tun ranar da aka kawo ta gidan, babu layin da aka tanadar wa sunanta, kuma kwamitin da zai duba taswirar ba shi da hurumin tambayar inda za ta yi shuka bana.