Daga Kano Zuwa Jidda: Layin Da Ya Ratsa Sararin Ƙasar Gumel

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kilomita kusan 3,400, tafiyar da ba ta cika wuce awa 5 ba in jirgi ya bi hanya miƙe. In aka ja layi miƙe a taswira, ta sararin Gagarawa zai bi, ya bar Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar ta hannun hagu, ya ratsa Chadi da Sudan, sannan ya tsallake Bahar Maliya.

Wannan tazarar ce kakanninmu suka riƙa ci da ƙafa da jaki da raƙumi. Maniyyaci kan raba gadonsa, ya nemi gafarar dangi, ya kama hanyar Borno zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yau, daga nan sai Darfur da Khartum, har gaɓar teku a Sawakin. In guzuri ya ƙare a yada zango, a yi ƙwadago damina ɗaya ko biyu, a sake ɗaura kaya. Wasu sai bayan shekaru suke dawowa, wasu kuwa can suka zauna. Jikokinsu na nan a Sudan, suna jin Hausa har gobe.

Abin sha'awa, jirgin sama ma wannan hanya ya biyo. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage 3 na sojan saman Ingila suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Masar ta Khartum. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Sannu a hankali kuɗin kujera ya maye gurbin guzurin shekaru, har ta kai manomi ya kai shanunsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya biya, ya yo aikin Hajji ya dawo cikin makonni. Sauƙin bai zo babu hawaye ba: ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

A 2014 aka buɗe filin jirgin sama na Dutse, alhazan masarautar Gumel suka samu wurin tashi a jiharsu.

Sai dai har yau Sudan na nan a tsakiya. Da yaƙi ya ɓarke can a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazan Najeriya suka yi zagaye, awoyin tafiya suka ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi. A ganina, duk maniyyacin da ke shirin tashi daga Dutse ko Kano, haƙƙi ne a kansa ya sa mutanen Sudan cikin addu'a, domin ƙasarsu ce ta sauki kakanninsa, kuma ta samanta hanyarsa ta bi.