Bututun ƙirji: abin da ya kamata masu jinya su sani

Bututun ƙirji wata roba ce da likita ke sakawa ƙarƙashin hamata, tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5, domin fitar da iska ko jinin da ya taru tsakanin huhu da bangon ƙirji. Idan suka taru, sai huhu ya lotse, numfashi ya gagara. Hatsarin mota ko na kabu-kabu a kan hanyar RN1 da ta ratsa Dogon Dutsi, faɗowa daga amalanke, tunkuyin sa da sukar wuƙa duk suna jawo haka. Tarin fuka ma yakan huda huhu.

Daga ƙauyukan Arewa da Tibiri, akan kai mai raunin asibitin gunduma. In abin ya tsananta, a miƙa shi Doso ko Yamai.

Bakin bututun yana nutse kamar santimita 2 cikin kwalbar ruwa, don iska ta fita ba ta koma ba. Ma'aikacin jinya yana kishingiɗar da majinyaci, ya riƙa auna numfashi da bugun zuciya, ya rubuta yawan jinin da ya zuba. Fiye da mililita 200 a kowace awa, awoyi a jere, alama ce ta bukatar tiyata.

Dangin da ke kwana da majinyaci su kiyaye: kwalbar ta zauna ƙasa da ƙirji kullum, ko a cikin motar asibiti. In aka ɗaga ta, ruwan ya koma ciki. Kada a zubar da ruwan, kada bututun ya lanƙwashe. In ya zare, ko leɓe ya yi shuɗi, a kira ma'aikacin jinya nan take.